Baba Gana, Mai Keken da Ba Ya Kai Saƙo

Kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, Baba Gana yakan daina ɗaukar fasinja. Sai ya karkata kekensa cikin lungunan Gwange, yana kwasar yaran da auren iyayensu ya mutu. Ya kai su wurin uwayensu, kafin magariba ya mayar da su gidajen ubanninsu. Haka yake yi tun shigowar Keke Napep garin nan. Yanzu ido ya fara gazawa, ya ce ƙarshen wata zai ajiye tuƙi.

Shagona yana kallon inda yake tsayawa, don haka na san yaran. Akwai wanda ya daina magana, akwai mai cin farce har jini. Ba rabuwar kaɗai ke cin su ba, har da aike. "Ki gaya wa uwarki..." "Ka faɗa wa ubanka..." Yaro ya zama ɗan aiken zagi tsakanin mutum biyun da ya fi so. Haba jama'a!

Gumsu na 'yar shekara bakwai aka saki uwarta, matar ta koma unguwar Limanti. Wata Juma'a uban, Umara, ya rako yarinyar bakin keke ya ba ta saƙo mai zafi, ya ce kuma in uwar ta mayar da martani, zuwa Limanti ya ƙare. Gumsu ta san halin uwarta, ba za ta yi shiru ba. Da aka isa sai ta ƙanƙame ƙarfen keke, ta ƙi sauka.

Baba Gana ya ce, "'Yata, a keken nan direba ke ɗaukar kaya. Ba ni saƙon, ke shiga ki ci abinci."

Ta raɗa masa a kunne, ta sauka da gudu. Tun ranar abin ya zama doka, kowane yaro sai ya miƙa wa direba saƙonsa kafin ya sauka.

Baba Gana, kai dai ba ka sasanta kowa ba, ba ka yi wa kowa wa'azi ba, amma yaran sun ci gaba da ganin uwayensu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu keke da maƙwabta, ga aiki nan ya bar mana, wani ya ɗauka.

Makon jiya Gumsu ta zo gaishe shi, yanzu tana karatun jinya. Tana dariya ta ce, "Baba, wai saƙonnin nan, ina kake kai su?"

Ya ce, "Suna nan wurina, 'yata. Har yau ba wanda ya zo nema."