Man Farin Silin da Hannuna na Dama

Jama'a, kun daɗe kuna tambayata tabon da ke hannuna ina waskewa. Yau zan faɗa, tunda duk masu yi min dariya sun riga mu gidan gaskiya.

Zamanin Jihar Arewa ne, an ɗauke ni malanta a firamare a Tambuwal. Don a san ɗan boko ya zo gari, na sayi risho, murhun nan mai kananzir. Ranar farko na tara maƙwabta in nuna musu yadda ake kunnawa. Wuta ta tashi ta lashe min hannun dama.

Malamin asibiti ya wanke, ya ba ni man farin silin, wato penicillin, ya ce in riƙa shafa kaɗan.

Kwana huɗu, ƙaiƙayi ya fara. Inna, mahaifiyata, ta zo daga Fakku jinyata, ta duba ta ce, "Warkewa ta, ɗana. Ciwo in ya yi ƙaiƙai ya kusa tafiya. Ƙara shafawa."

Muka ƙara. Ƙaiƙayi ya ƙaru, Inna ta ce madalla, muka sake ƙarawa. Har da totuwar masara take sosa min gefen ciwon.

Mako biyu, hannu ya kumbura, ƙuraje masu ruwa har gwiwar hannu. Alli ya gagare ni riƙewa. Hedimasta ya ce in aka dawo hutu ban warke ba, wani za a kawo. A kasuwa kuma har an gama yanke min hannun da baki.

Wallahi na ji tsoro. Na yi kuka a bayan rumbu.

Aka kai ni Sakkwato a bayan babbar mota. Likita ya ɗiga man kaɗan a lafiyayyen hannuna ya rufe. Bayan kwana biyu wurin ya yi jawur.

Ya ce, "Malam, ƙunar ta kusa warkewa. Maganin ne jikinka ba ya so."

Inna ta ce, "Ashe ni nika kashe shi." Ranar ko ruwa ba ta sha ba.

Aka daina man, sai wanki da ruwan gishiri da sabon bandeji kullum. Ranar da aka dawo hutu, da hannuna na rubuta kwanan wata a allo.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan. Ku kuma, in kun shafa magani a ƙuna kuka ga ƙaiƙayi da ƙuraje suna yaɗuwa, ku tsaya, ku koma asibiti da kwalbar maganin a hannu. Ni har yau kafin likita ya ɗauki biro nake faɗa masa jikina ba ya son farin silin.

Ragowar man, Inna ta ƙi zubarwa, ta shafa wa ƙyauren ɗakinta mai yawan ƙara. Har ta rasu bai sake yin ƙara ba. Allah ya jiƙanta.