Maganar da Nafisa Ta Yi a Bakin Tekun Iskandariyya

Anti Binta, Zulai, assalamu alaikum. Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da na farka ban iya sa komai a bakina ba. Ku biyu kawai na sa a wannan rukunin. Da gangan ban sa Nafisa ba, za ku ga dalili. Tun farko ku yi min uzuri, mafarki ne, tun wayewar gari yake ta zubewa daga kaina, kuma ya cakuɗe da tafiyar nan da mu huɗu muka yi zuwa Iskandariyya a hutun ƙarshen zango, lokacin muna karatu a Alƙahira. An kwana biyu. Mai yiwuwa abin da zan ce a farke na gani, a barci na gan shi, mai yiwuwa kuma akasin haka.

Ga abin da ya jawo maganar. Yaya Auwal, wanda nake bi, ya ce Nafisa yake so ya aura. Ni ce ma silar haɗuwarsu, ranar da ta zo Zariya yi min barka da gama karatu. Ranar Lahadi Umma ta kira ni ɗakinta, ta sa na tura ƙofa, ta ce, "Safiya, ke kika zauna ɗaki ɗaya da yarinyar nan a ƙasar mutane. Ba kyanta nake tambaya ba, ba karatunta ba. In abu ya yi tsanani, tana tsayawa?" Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce kawunnanmu za su je Kano gaisuwa bayan Juma'a, in da magana in faɗa kafin nan, in babu kuma in ja bakina in yi shiru har abada.

Shi ne na yi istihara. Na san malamai sun ce ba dole ne a ga komai a barci ba. Na kuma san ina shan maganin zazzaɓi a kwanakin nan, kuma ni da bakina na sha gaya wa marasa lafiya a wurin aiki cewa jiki in ya yi zafi mafarki yakan yi yawa. Duk na sani. Amma ga abin da na gani.

Na gan mu a jirgin ƙasa, irin wanda muka shiga ranar, sai dai babu kujeru, tabarmi aka shimfiɗa tun daga ƙofa har ƙarshen tarago. Zulai tana ɓare gyaɗa tana zuba ɓawon a mayafinta. Anti Binta tana ta ƙirga mu da yatsa kamar yadda ta saba, in ta kai ƙarshe ta sake dawowa farko. Mai shayi ya wuce yana talla da Larabci, amma muryar ta mai wainar unguwarmu ce. Ban yi mamaki ba. A mafarkin komai daidai yake.

Sai kawai jirgin ya tsaya ba tare da tasha ba. Ƙofa ta buɗe, muka sauko kan doguwar hanyar nan da ta bi bakin teku, mai katangar dutse da mutane ke zama a kai. Rana tsaka. Ga ruwa iya ganin ido, yana tasowa yana dukan duwatsu yana komawa. Na tsaya baki buɗe kamar yadda na yi a gaske, Nafisa kuma ta maimaita abin da ta faɗa ranar.

"Ke Bazazzagiya, rufe bakin kar kifi ya faɗa. Wannan ba kogin Kubanni ba ne."

Kun tuna amsar da na ba ta a lokacin, na ce wadda Jakara ce kogin garinsu ba ta da bakin yi wa wani gorin ruwa, har Zulai ta ƙware don dariya. A mafarkin na buɗe baki in faɗa, murya ta ƙi fita. Ita kaɗai ta yi dariyarta ta wuce gaba.

Muka yi ta yawo. Muka shiga jirgin nan na cikin gari mai ƙararrawa, wanda tafiyarsa ba ta fi ta mai keke ba, ya ratsa da mu wani lungu da aka shanya kaya daga bene zuwa bene. Da na duba da kyau, kayan duk atamfofi ne sababbi, ko ɗinki ba a yi musu ba. Sai kawai muka tsinci kanmu a kasuwar kifi. Kifayen suna jere a kan ƙanƙara, idanunsu a buɗe, duk inda na matsa sai su juyo su bi ni da kallo. Wata tsohuwa mai sayarwa ta kama hannuna ta ce da Hausa tsantsa, "'Yar nan, da wa kika zo?" Na waiwaya in nuna mata ku, ban ga kowa ba sai Nafisa can nesa tana shan ruwan rake. Tsohuwar ta ci gaba da korar ƙuda.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, mun iso tsohuwar ganuwar nan ta farin dutse da ke can ƙarshen hanya, wadda ruwa ya kewaye. Hannayen Nafisa duk lalle ne ɗanye, har gwiwar hannu, tana ɗaga su sama kar su taɓa kaya. Ta miƙo min gorar ruwanta da 'yan yatsu biyu ta ce, "Baiwata, riƙe wa uwar ɗakinki." Na karɓa.

A nan zan dakata da mafarkin, domin daga wannan gaɓar ya hau kan abin da ya faru da gaske. Na san kuna wurin, amma bari in faɗa yadda ni nake tuna shi.

Ranar ma ta ba ni gorar, da waɗannan kalmomin, don tana so ta ɗauki hoto. Wasanmu ne na Kanawa da Zazzagawa, ban taɓa jin haushinsa ba. Anti Binta ta tafi yanko mana tikitin shiga. Zulai tana zaune a kan katanga, ba nisa, tana kakkaɓe yashi daga takalminta. Sai wani jami'i ya zo ya ce mu nuna takardar zama. Fasfona yana ofis ana sabunta min izini, abin da ke jakata hoton takardar ne kawai, shi ma ya yi dishi-dishi. Ba zan ce mutumin ya yi min wulaƙanci ba, aikinsa yake yi. Amma yana magana da sauri, ni kuma kun san Larabcina, na sayen tumatir ne da gaishe da mai gadi, tunda karatunmu na haɗa magunguna da Turanci ake yi. Nafisa kuwa harshen ta je karanta. Ita ke yi mana ciniki, ita ke faɗa da direbobi, har Misirawa kan tambaye ta ko a can aka haife ta. Na juya na kalle ta. Ta kalli mutumin, ta kalle ni, ta faɗi wata magana gajera da Hausa, ta juya ta tafi.

Iska tana kaɗawa sosai, ruwa yana bugun dutse. Abin da kunnena ya ɗauka shi ne, "Ba ruwana." Amma gorarta tana hannuna. Don haka tun a cikin ɗan ofishin da aka zaunar da ni na fara gaya wa kaina cewa "Ba ni ruwana" ta ce, iska ce ta cinye "ni" ɗin. Na ce ƙila ta karɓi gorar ne ta ruga kiran Anti Binta. Na ce ƙila ita ma takardarta ba ta cika ba, tsoro ya kama ta, kuma wa ya isa ya yi wa wani dariyar tsoro a ƙasar da ba tasa ba? Anti ce dai ta shigo, ta yi ta bayani, ta kira wani a makaranta, aka sallame ni wajen la'asar. Da na fito Nafisa tana tsaye ta ce, "Baiwata, har an 'yanta ki?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. A jirgin dawowa a kafaɗarta na yi barci. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba, muka ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya har muka gama.

To, a mafarkin babu iska. Tekun ya kwanta lif kamar ruwa a faranti, ko motsi ba ya yi. Jami'in ya zo, ban iya ganin fuskarsa ba, hular ce kawai. Bai tambayi takarda ba. Ya ce, "Wa ya san ki a nan?" Na nuna Nafisa. Ya juya ya tsaya yana jiranta. Ta dube ni sosai, ba dariya a fuskarta, ba tsoro kuma. Ta faɗa a hankali, kalma bayan kalma, yadda ko kurma zai gane daga leɓenta.

"Ba ruwana."

Sai kawai tekun ya fara ja da baya. Nafisa ta juya tana tafiya yana bin ta, kamar an kama bakin zane ana ja. Duwatsu suka fito, kwale-kwalen masunta suka kife a gefe, ƙasan ya bushe ya zama jar ƙasa irin ta bayan gidanmu. Na kira ta, "Nafisa! Nafisa!" Wannan karon muryata ta fita, na ji ta da kunnena. Ba ta waiwayo ba. Na duba gorar da ke hannuna, ita ma ta bushe ƙaf, har da yashi a ciki.

Jami'in ya ce in zauna. Na zauna a kan benci, sai na ga ashe a tsakar gidanmu nake, ganuwar tana inda ɗakin girki yake. Mata suna ta shigowa da akwatuna a ka, suna wuce ni, ba wadda ta ce min sannu. Na hango ku biyu a cikinsu. Zulai ta kalle ni ta ɗora yatsa a baki. Anti Binta tana ƙirga mutane, ta zo kaina ta tsallake.

Can tsakiyar inda tekun yake a da, na ga Yaya Auwal zaune a cikin wani kwale-kwale a kan busasshiyar ƙasa, da babbar riga fara, yana ta tuƙi da dukkan ƙarfinsa, gumi yana zuba, jirgin ko gezau. Yana murmushi. Ya ɗago ya ce, "Safiya, ta ce yanzu za ta dawo, ko?" Na tashi in je wurinsa, jami'in ya ce ba a sallame ni ba. Da ya faɗa a karo na biyu na gane muryar Umma ce. Na ce, "Umma, me zan ce masa?" Yaya ya ci gaba da tuƙi.

A nan na farka, ana kiran assalatu, wuyana ya bushe kamar na yini da azumi. Na fito in yi alwala na tarar da shi a tsakar gida da buta, yana shirin masallaci. Ya ce, "Likitar gida, ya jikin? Jiya mutuniyarki ta hana ni sakat, wai lallai in tambaye ki ko zazzaɓin ya sauka. Ta ce in gaya miki baiwa ba ta ciwo sai da izinin uwar ɗakinta." Ya yi dariya ya fita. Na daɗe a tsugune da butata ban zuba ruwan ba.

Yanzu don Allah ku gaya min, mene ne wannan? Amsar istiharata ce, ko zazzaɓi ne ya tono abin da na binne ya ƙara masa gishiri? Ruwan da ya bi ta ya bar yayana a busasshiyar ƙasa, gargaɗi ne, ko tsorona ne kawai ya sa tufafi? Anti, ke kin fi mu sanin waɗannan abubuwa, in kuma akwai malamar da kika yarda da ita, ki tambayar min ba tare da kin ambaci suna ba. Ina tsoron in ɓata auren mutum biyu a kan kalmar da iska ta cinye. Ina kuma tsoron in yi shiru, wata rana abu ya yi tsanani a gidan yayana ya juya ya kalle ta yadda na kalle ta.

Amma kafin fassara, gyara nake nema, domin mafarki ni kaɗai na yi, ranar kuwa ku ma kuna wurin. Zulai, ke kika fi kusa, me kika ji ta ce? Da na shiga ofishin, gorar tana hannuna ko tana hannunta? Na yi ta ƙoƙarin tunawa na kasa. Anti Binta, wa ya zo ya kira ki daga wurin tikiti, Zulai ce ko Nafisa? In kuma ita ce, a guje ta zo ko a tafe? Duk inda na kauce ku faɗa min kai tsaye, kar ku rarrashe ni, kar kuma ku haɗa baki kafin ku amsa. Kowace ta turo min nata daban, kafin Juma'a. Ɗazu ma Umma ta leƙo ta ga ban taɓa kokon ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.