Tarin da Ya Ɓata Hotona

Shekarar da na ji ƙullutu a nonona na hagu, likita ya ce sai an yi mini hoto a babban injin nan da ake tura mutum ciki, a yi masa allura a jijiya. Yayata ta rufe shagonta na ɗinki a Kabong ta raka ni.

Aka cire mini 'yan kunne, aka kwantar da ni rub da ciki, gadon ya zarce da ni cikin wani rami kamar bututu. Ga sanyi, ga ƙara kamar ana daka a kaina. Muryar ma'aikaciyar da ke kula da injin ta fito ta lasifika: "Hajiya, maganin zai shiga yanzu. Kar ki motsa."

Na ji sanyinsa yana bin hannuna. Nan fa tari ya taso mini. Na haɗiye, na danne, idanuna suka kawo ruwa. Ba halin ɗaga kai, ba halin juyawa. Daga ƙarshe ya fi ƙarfina.

Da na fito, ma'aikaciyar ta kira mu gaban kwamfuta. Ta ce ana ɗaukar hoto kafin allura, a sake ɗauka bayanta. Kwamfuta takan ɗora su kan juna ta cire na farko daga na biyu, sai a bar inda maganin ya taru kaɗai yana haske.

"To ai ga haske nan ko'ina," in ji Yaya.

Ma'aikaciyar ta ce, "Wannan motsi ne, ba ciwo ba. Na sa kwamfuta ta daidaita hotunan, amma wajen ƙullutun ya ƙi zama."

"Yanzu fa?" na tambaya.

"Sai kin sake shiga. Ba yau ba."

Kwanakin da suka biyo baya ko kasuwa ban iya zuwa ba. In yara sun tafi makaranta, nakan kutsa ƙarƙashin gado in kife, ina koya wa kaina kwanciya ba motsi.

A karo na biyu na yi ta salati a zuciya har aka zaro ni. Hoton ya fito baƙi ƙirin, sai ɗan haske guda kamar ƙwayar wake. Likita ya nuna mana wani layi da kwamfuta ta zana na yadda maganin ke taruwa a ƙullutun, yana hawa a hankali. Ya ce irin wannan hawan ya fi kwantar da hankali.

"Alhamdulillahi," in ji Yaya, har ta ɗauki jakarta.

"Amma sai mun ɗebi ɗan nama mun auna," ya ce.

Yaya ta koma ta zauna, ta tambaye shi yaushe za mu dawo.