Makubar da Ɗana Yash Shahwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina bisa tabarma ina tsintar gero, nan Ƙofar Marke, Hajara matar ɗana tash shigo daga asibiti, ba takalmi ga ƙahwarta. Ban tambaye ta komi ba, na gane. Ita ka rubuta wanga bayani, ni ban san biro ba.

Ba ni hwaɗin sunanai, ɗan hwari na. Kunyar nan ta hana ni tambaya tai aikinai tun yana yaro har anka kira shi Dakta can jami'a. In anka ce mi ɗanki ka yi, sai in ce malanta, in kau da kai.

Shi kau ba ya ƙyale ni. Yakan durƙusa bakin ƙohwa, ya aje min goro ƙarƙashin tabarma don kar in ji nauyin amsa. Wata rana yana kallon bango yac ce, "Inna, wani abu nika aiki da shi, silikon sunanai. Cike yake da 'yan ƙohohi awa soso. Iska da laima na cin shi. Ni kau magani nika shahwa mai, awa yadda kuka shahwa makuba ga gini don ruwa." Nac ce, "To, magini." Yay yi dariya har da hawaye. Yakan ce, "Abin da ba ya jure damina, ba a gama gininai ba."

Da ciwo yak kama shi har yay yi tsanani ya dawo ɗakina da kwalba biyu rufe gam, cike da 'yan ɓallaye awa hwasasshen madubi. Bayan addu'ar bakwai munka hitar da kayanai wanki, yadda aka yi ma kowane mamaci. Ni da hannuna na buɗe kwalaben, na juye cikin ruwan sabulu. Sai wasu sunka kama kumhwa, launinsu na tashi. Na kasa abinci. Abin da yaron nan yab bar barci saboda shi, uwatai ta wanke.

Dakta Lubabatu, abokiyar aikinai, ta zo karɓar kwalaben. Na miƙa mata ɓallayen bisa hwaihwai, kaina ƙasa. Nac ce, "Ɗiyata, in ɗaure ni za a yi, a bari in yi salla tukuna."

"Inna, wa ka ɗaure ki? Hajara, ja muna ƙohwa."

Dakta Lubabatu ta hiddo 'yar tocila mai shuɗin haske ta haska. Rabi baƙi ƙirin, sun mutu. Rabi kau sunka yi ja awa garwashi.

Ta nuna min jajayen. Sannan tac ce, "Waɗanga su yash shahwa ma magani. Gwajin da ciwo yah hana shi yi ke nan. Sun jure, Inna."

Ba ɗauri nika tsoro ba yanzu. Kunya nika ji, sai da ƙasa tar ruhe shi niz zauna anka nuna min aikinai.

Allah ka jiƙan yaron ga, ka yahe mai, ka haskaka kabarinai. Ka ba Hajara haƙuri, ka raya ɗiyanai bisa imani. Hajara, rubuta musu: ubansu magini na, kuma gininai ya jure damina. Amin.