Ƙaryar da na yi wa likita a gaban matata

Wata bakwai ban ce komai a shafin nan ba. Masu tambaya, na gode. Ciwon zuciya na yi, kuma da hannuna a ciki.

Shekara shida ina shan giya a ɓoye. Duk Juma'a idan na taso daga aiki a Abuja, sai in sauka Madalla wajen abokai kafin in ƙarasa gida Suleja. Matata Hajara ta ɗauka cunkoson hanya ke riƙe ni.

Wata Asabar da safe na ji zuciyata tana bugu ba tsari. Ta yi gudu, ta tsaya, ta sake fizga. Numfashi ya yi min wuya.

A asibiti aka manna min wayoyi a ƙirji, aka yi gwajin bugun zuciya na ECG. Likita ta ce bugun zuciyata ya rikice. Ta tambaye ni ko ina shan giya. Hajara tana zaune a gefena. Na ce a'a.

Hajara ta koma gida tana zargin girkinta. Ta daina sa gishiri da magi, har yara suka riƙa ƙorafi. Ina kallo, ban gaya mata gaskiya ba. Bayan sati uku na koma Madalla.

Karo na biyu a bas ya same ni, daidai Dutsen Zuma. Direba ne ya kai ni asibiti. Kwana biyar na yi a kwance. Gwajin hoton zuciya kaɗai ya ci dubu talatin, Hajara ta sayar da 'yan kunnenta.

Wannan karon likitar ta sa Hajara ta fita, ta sake tambayata. Na faɗi gaskiya. Ta ce giya na tayar da wannan ciwon, kuma jini na iya daskarewa a zuciya ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Ranar da aka sallame ni na gaya wa Hajara. Sai ta ce min:

"Baban Amira, ni da nake roƙon Allah ya yafe min don na ɗauka ni na cuce ka."

Har yau wannan maganar ba ta bar ni ba.

Alhamdulillah, yanzu bugun ya daidaita. Ina shan magungunana, wata biyar ban taɓa kwalba ba. Na gode wa likitar da ma'aikatan jinya, da direban da ban san sunansa ba, da Hajara.

Idan zuciyarka na fizga, je a duba ka da wuri. Idan kana sha, gaya wa likita, ka nemi taimako ka daina. Kunyar minti biyu na guje wa, na kusa barin 'ya'yana marayu.