Ambulan da Injiniya Ashafa Ya Ɓoye wa Surukarsa

A unguwar Longsight, can ƙasar Turawa, in ka ambaci Injiniya Ashafa, kowa zai ce maka ai mai sakin hannun nan. Abin da ba su sani ba, tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ayyuka suka ja baya, Injiniya ya zama ɗan gari a harkar takardun ragi, waɗanda ake yankowa daga jarida a miƙa a kanti a rage kuɗin kaya.

Ya san kansu kamar yunwar cikinsa. Ranar ƙarewa yake fara dubawa, sannan ya tabbatar girman gwangwani ya dace da abin da aka rubuta, kuma ba ya sayen abin da gida ba ya buƙata wai don an yi ragi. Sai dai har Salford yake zuwa cefane, kada wani Bahaushe ya gan shi da ambulan ɗin da yake tara takardun a ciki. A ganinsa, ranar da aka gan shi, ranar girmansa zai zube.

Ran nan surukarsa, Hajiya Raki, ta zo daga Birmingham ganin jikoki. Matarsa Zinatu ta ce, "Abban Saudatu, ka tafi da Umma shopping mana, ta ɗan miƙe ƙafa."

Ba yadda ya iya, suka fita. Ambulan na aljihu maƙil, kuma rabin takardun a ranar za su mutu.

Da aka zo wurin biya, hannunsa ya kai aljihu, ya dubi Hajiya, ya janye. Ina shi ina neman ragi a gaban suruka? Ya zaro kati ya biya cif, yana murmushi, ciki kuwa kuka yake.

Suka dawo gida. Hajiya na shiga ɗaki ta zazzage jakarta a kan gado, sai ga takardun ragi ɗauri-ɗauri, na madara daban, na sabulu daban. Injiniya yana bakin ƙofa da ledoji, yana jin komai.

"Zinatu, mijin nan naki mutumin kirki ne, amma almubazzari ne. Ga coupons a jakata, na ji nauyin fito da su kada in kunyata shi. Mu a Birmingham ko manyan likitoci consultants da ambulan suke yawo."

Washegari ta sa aka kira shi. Ya durƙusa, ta ɗaga takarda ɗaya ta ce, "Injiniya, ranar ƙarewa ake fara dubawa. Ka gane?"

"Na gane, Umma. Allah ya ƙara girma."

Takaici ya ishe shi, amma bakin alƙalami ya bushe. Har yau a Birmingham, in Hajiya na yi wa matasa faɗa kan ɓarna, da sunansa take farawa.