Safar da Iya Ta Ajiye wa Baƙi

Shekarar da hukumarmu ta mayar da horon kare kai daga cututtuka cikin waya, ina aiki a wani ɗan asibiti tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo. Ka kalli bidiyo, ka amsa tambayoyi, sunanka ya koma kore a kwamfutar Dutse, shi ke nan ka zama gwani. Duk muka yi kore. Iya mai shara ce kaɗai ba ta yi ba, ba ta kuma yi ja ba, don ba ta ma cikin kwamfutar. Aikin wucin gadi take yi, wayarta kuwa ƙarama ce mai tocila. Ita ce kuma mai wanke duk abin da muke ƙyanƙyami.

Da kayan kariya suka iso, na zaɓo mata safar hannu ta roba, mai kauri, har gwiwar hannu. Ta juya ta, ta shinshina, ta yi ta sa albarka.

“Iya, ta wanki ce fa.”

“To, 'yar nan. Allah ya ba ki masu yi miki.”

Ban ƙara ganin safar ba. In na tambaya sai ta ce sabon abu ai ba a fara shi da ƙazanta, ta ajiye sai ranar da manya za su zo. Na yi faɗan har na gaji, ita kuwa dariya take yi, wai tun ban san hanyar makaranta ba take wanki.

Wata ranar kasuwar Maigatari aka kawo mana wani mai sayen hatsi, jiki zafi rau, yana haɓo. Ganin jinin ya ƙi tsayawa muka tura shi Gumel. Ina dawowa daga raka mota na tarar da Iya a bakin famfo, ta tsoma zanin gadonsa a bokiti, ruwan ya yi ja. Hannunta kuwa duk faso ne. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa babba ba, ta ɗago tana kallona kamar na zage ta.

Mutumin bai kai mako ba ya rasu. Sakamako ya fito, zazzaɓin Lassa ne, aka ce jami'ai na tafe daga Dutse su duba duk wanda ya taɓa shi.

Da safen da za su zo Iya ta makara, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta shigo a hankali tana dafa bango, ta kwance wata leda. Ga safar nan sabuwa fil, ko ƙura babu.

“Taya ni sawa, 'yar nan, kada manya su ce ba ki koya min ba.”

Na kama hannunta. Ta cikin tawa safar nake jin zafinsa.